Ƙwallon Dare da Bashin Barci

Da an sallame sallar la'asar, filayen makarantu a Funtua, Bakori, Ƙafur da Malumfashi sai su cika da samari, wasu da takalmi, wasu ƙafa tsirara, ana ta buga ƙwallo har ladan ya kira magariba. Wannan tsohon abu ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a daina. Abin da ya shigo sabo shi ne yadda wasan ya fara tsallake magariba, ya tsallake isha'i. Tun da fitilun sola suka yawaita a bakin tituna, yaro ya samu hasken da zai yi tirenin har goma ko sha ɗaya na dare. Ga kuma 'yan ɗaga ƙarfe, waɗanda sai sun rufe shago suke haɗuwa a wani lungu suna cicciɓar siminti da aka daskarar a gwangwani. Idan ka yi musu magana, amsar ɗaya ce: "Ai da rana babu lokaci, kuma idan na gaji sosai barci ya fi daɗi."

Rabin farko na maganar gaskiya ne. Rabi na biyu kuwa akwai gyara.

Jikin ɗan Adam yana da agogonsa. Idan dare ya fara yi, zafin cikin jiki yakan soma sauka a hankali, bugun zuciya ya lafa, ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin da ke jawo barci. Wannan saukar zafin tana cikin abin da ke sa mutum jin barci. To shi gudu mai tsanani kishiyar haka yake yi: ya ɗumama jiki, ya zaburar da zuciya, ya watsa sinadarin adirenalin a cikin jini, irin wanda ke fitowa idan mutum ya tsorata ko ya fusata. Alƙalin wasa zai iya hura usur a tashi, amma jiki ba ya jin usur. Sai ya ɗauki lokaci kafin ya huce. Shi ya sa za ka ga yaro ya dawo gida liƙis, ya zube a katifa, gaɓoɓinsa sun mutu amma idonsa biyu, yana ta juyi. A watannin bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da ɗakin kwano ke riƙe zafi har tsakar dare, abin ya fi tsanani, domin jikin ba shi da inda zai sauke zafin da ya ɗauko.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan. A shekarar 2019 wasu masu bincike a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan sun tattara nazarce-nazarce 23 suka duba, suka ce motsa jiki da yamma ba ya ɓata barci, sai fa idan mai tsanani ne kuma an gama shi ƙasa da awa ɗaya kafin a kwanta. A 2025 kuma masu bincike na Jami'ar Monash da ke Ostareliya suka fitar da wani nazari mai faɗi, inda suka bibiyi mutum 14,689 da ke ɗaure da na'urar auna bugun zuciya a hannu, suka tara bayanan dare kusan miliyan 4. Abin da suka gani shi ne, motsa jiki mai wahala da aka gama cikin awa 4 kafin kwanciya yana tafiya tare da jinkirin barci, da raguwarsa, da bugun zuciya da ba ya sauka yadda ya kamata cikin dare. Ɗaya ya ce awa ɗaya, ɗaya ya ce huɗu, amma sun haɗu a kan abu guda: ba yammacin ne matsala ba, tsananin wasan ne da kusancinsa da lokacin kwanciya.

Sai dai mu a nan akwai abin da ya bambanta mu da waɗanda aka yi wa wancan gwaji. Baturen da ya makara wajen kwanciya yana iya ƙara awa ɗaya da safe. Mu kuwa lokacin tashinmu ba a hannunmu yake ba. Kiran asuba yana zuwa wajen ƙarfe biyar, kuma da damina, daga masallaci sai gona, domin a ci ƙarfin noma ko huɗa kafin rana ta take. Mai tumatir a Ɗanja da mai kai masara kasuwar Dandume ba sa jiran hantsi. Yi lissafi da kanka: an tashi ƙwallo sha ɗaya, an biya teburin mai shayi, an yi gardamar wa ya ci wa bai ci ba, an kwanta sha biyu da rabi, barci bai zo ba sai ɗaya. Awa huɗu ke nan. Likitocin barci kuwa sun ce babba yana buƙatar aƙalla awa 7, matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Bashi ne ake ci kullum, kuma jiki ba ya yafe irinsa. Yakan karɓa a aji, inda ɗalibi ke gyangyaɗi, ko a kan babur a hanyar Funtua zuwa Zariya, inda gyangyaɗin daƙiƙa biyu ya isa ya jawo ta'aziyya.

Abin haushin ma shi ne, ƙarfin da ake nema a filin, rashin barcin ne ke cinye shi. Tsoka ba a lokacin ɗaga ƙarfe take girma ba. Atisaye yana gajiyar da ita ne, ya ɗan yayyaga ta, gyaran kuma yana samun babban taimako daga barci mai nauyi na farkon dare, lokacin da jiki ke sakin sinadarin girma. Wanda ya yi atisaye bai yi barci ba kamar wanda ya yi shuka ne ya hana ta ruwa. Wani nazari da aka yi kan ɗalibai 'yan wasa a Amurka a 2014 ya nuna cewa masu barcin ƙasa da awa 8 sun fi sauran jin rauni da kusan ninki 1.7. Targaɗe da gocewar ƙashin da ake kai wa masu ɗori ba duka ne laifin ramin fili ba.

Mu koma teburin mai shayi, domin a ganina ɓarnar da ake yi a nan ta kusa fin ta filin. Shayi mai kauri, Nescafé, goro da lemon ƙara kuzari na gwangwani duk suna ɗauke da kafeyin, wanda yakan yi kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. Wanda ya sha da goma na dare, har asuba akwai saura a jikinsa. Idan kuma daren gasar Zakarun Turai ne, da ake take wasa ƙarfe takwas ko tara agogon Najeriya, daga fili sai gidan kallo, ihu da ɓacin rai su ƙara zaburar da zuciyar da ba ta riga ta huce ba. Mafi muni su ne masu haɗiyar tiramol "don a ji ƙarfi", sannan su nemi wata ƙwayar don barci ya zo. Wannan hanya ce ta jaraba, kuma tiramol idan ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Kada wani ya karanta wannan ya samu hujjar zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Manomin da ya wuni sunkuye da fartanya ya cika nasa har ya yi ragowa, abin da jikinsa ke nema da dare hutu ne. Amma mai shagon da ke zaune daga safe zuwa dare, da ma'aikacin ofis, da direba, da uwargidan da nauyi ya fara yi mata yawa, su ne hawan jini da ciwon suga ke fako. Idan dare ne kaɗai lokacin da suke da shi, su yi, amma mai sauƙi. Tattaki na minti 15 ko 20 bayan cin tuwo, ko da zagayen tsakar gida ne, yana taimakawa wajen rage hawan suga a jini, kuma ba ya korar barci. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan kana iya hira kana yi, bai yi tsanani ba. Idan numfashi ya hana ka haɗa jimla, to ba na dare ba ne.

Wasa mai zafi kuwa, lokacinsa na nan inda iyayenmu suka ajiye shi, tsakanin la'asar da magariba. An ma gano cewa ƙarfin tsoka yakan kai ƙololuwarsa ne da yammaci, don haka babu asarar komai. Gaskiya ne a da ana kokawa da langa a farin wata, amma galibi da kaka ne, bayan amfanin gona ya shiga rumbu, ba kullum ba kuma ba a tsakiyar aiki ba. Malamai ma sun sha tunatar da mu cewa ba a son doguwar hira bayan isha'i. Idan dole ta sa an yi wasan dare, kamar yadda ake yi da azumi bayan tarawi, a rage tsawonsa, a bar aƙalla awa biyu kafin kwanciya, a sha ruwa, a watsa ruwa a jiki, a ajiye waya, sannan a rama da ƙailula gobe da rana. Wanda ke da hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita kafin ya shiga kowane irin atisaye mai nauyi, kuma duk wanda ya ji ƙirjinsa ya riƙe ko jiri ya ɗebe shi yana cikin wasa, ya tsaya nan take a kai shi asibiti.

Sannan dare a yankinmu yana da nasa sha'anin da babu ruwansa da binciken Turawa. Sauron da ke kawo zazzaɓi da dare yake farauta, kuma da damina mai wasa da gajeren wando ya kai masa kansa ne. Maciji ma yakan fito a ciyawar gefen fili idan duhu ya yi. Mutanen Faskari, Sabuwa da Dandume kuwa, da suka san matsalar tsaro, ba sai an yi musu bayanin dalilin da zai sa uba ya so ganin ɗansa a gida kafin ƙarfe tara ba.