Pawa Bank Ɗinka Ta Fara Kumbura?



Ran nan a kasuwar Kazaure, wani abokina ɗan Yankwashi ya zaro pawa bank daga aljihu, na ga ta kumbura kamar burodi. Na ce, "Abokina, wannan kam ta gama aiki, kar ka ƙara jona ta."

Batirin litiyom ne a cikinta, kuma ba ya shiri da zafi. In zafi ya yi yawa, sinadaran ciki su fara fitar da gas, shi ne kumburin. Daga nan wuta na iya tashi.

Saboda haka kar a yi caji kan katifa ko ƙarƙashin filo. A ɗora ta kan siminti, inda iska ke shiga. Kar a bar ta gaban mota a zafin Afrilu. In ajiya za a yi, a bar cajin wajen rabi.

Masu tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, jakar hannu ake sa ta, ba babbar jaka ba. Yawanci iyakar 100Wh ce, kusan 27,000mAh ke nan.

Duba taka yau. Mu kwana lafiya.