Darasin Masassaƙan Birazil ga Kafintocin Mubi

Duk wanda ya ratsa unguwar Sabon Layi a garin Mubi, lokacin da hidimar aure ta kama, zai ga yadda iyayen amare ke fafutukar neman gado da sif da kujerun kushin. Mafi yawan abin da kafintoci ke haɗawa kwaikwayon na ƙasashen waje ne, da falanki mai araha wanda ba ya jimrewa. Ƙasar Birazil ma ta taɓa shiga irin wannan hali, amma masu sana'arta suka sake hanya.

A cikin shekarun 1940, wani masassaƙi mai suna Joaquim Tenreiro ya lura cewa manyan kujerun Turai masu nauyi ba su dace da ƙasa mai zafi ba. Sai ya koma ga itatuwan Birazil, yana fiƙe ƙafafun kujera siri-siri, yana saƙa mazauninta da tsirkiyar kara domin iska ta riƙa ratsawa. Bayansa Sergio Rodrigues ya ƙera kujerarsa mai suna Mole a 1957, da katako mai ƙwari da fata, wadda ta ci lambar farko a gasar garin Cantu na ƙasar Italiya a 1961. Ta haka kayan Birazil suka yi suna a duniya, har yau kuwa masu tara kayan tarihi na sayensu da tsada.

Amma fa abin bai ƙare da daɗi ba. Itacen jakaranda, watau wanda aka fi so saboda kyan launinsa, sai da aka sare shi har ya kusa ƙarewa. A 1992 yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Tun kafin nan José Zanine Caldas ya koma sassaƙa kujeru da tebura daga kututturan da masu ɓarnar daji suka yasar, don ya nuna wa jama'a irin asarar da ake yi.

To, mu ma muna da namu jakarandan, shi ne madobiya. An yi shekaru ana sare ta a dazuzzukan Adamawa da Taraba, ana lodin gungume zuwa ƙasar Sin, har CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido a 2016, kuma a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Birazil dai ta mai da itacenta kujeru masu daraja kafin ya ƙare. Mu kuwa ɗanyen gungume muka sayar, ladan aikin ya tafi hannun wasu.

Kafintocinmu ba su rasa gwaninta ba. Abin da ya rage shi ne su ƙera kayan da suka dace da zafin Mubi da zamanmu na gida, daga maɗaci da kawo da fatar da muke jima, hukuma kuma ta tsaya kan dashen itatuwa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.