Lagireto Na Yoyo, Direba Na Gyangyaɗi

Duk wanda ya shiga motar yayana a bazarar bara ya san jarkokin nan biyu da ke kwance a but. Ba fetur ba ne a ciki, ruwa ne. Tsohuwar Golf ce, da ita yake jigilar fasinja daga Babura zuwa Kano ta Kanya Babba da Kunya, wani lokacin ya ɗauki shata zuwa Kazaure ko Babban Mutum. Tun cikin hunturu lagireton ya fara ɗiga. Da farko sau ɗaya yake ƙara ruwa, da safe kafin ya tayar da mota. Kafin watan Afrilu ya kama, sai ya tsaya sau biyu ko uku a hanya, fasinjoji su sauka su nemi inuwar darbejiya suna tsaki, shi kuma ya ɗaga bonet yana jiran inji ya huce.

Na yi masa magana ya fi a ƙirga. Amsar ɗaya ce kullum: "Auta, ki bari in ɗan lallaɓa ta zuwa bayan Sallah."

Ban ga laifinsa sosai ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da direban haya ke komawa gida da shi ya tsuke, kayan gyara kuma a Ƙofar Ruwa sun yi tashin gwauron zabo. Ga kuɗin makarantar yara, ga cefane, ga Umma. Mota ta kwana biyu a gareji, tukunya ce ta kwana biyu ba a ɗora ba. Don haka aka bi dabarun da kowane direba ya sani. Aka zuba garin kuka a lagireto don ya toshe hujin, ya toshe na mako guda. Wani bakanike ya cire masa tamostat, ya haɗa fanka kai tsaye da makulli. Wannan ma ya ɗan rufe asiri.

Daga baya Yaya ya samo dabarar da yake ganin ta fi duka. Tun da rana ce ke sa motar zafi, to ya daina tafiya da rana. A bazara zafin yankinmu kan wuce digiri 40, kwalta kamar kasko. Sai ya koma tashi ƙarfe 3 na dare ya je tasha ya yi lodin 'yan kasuwa masu son sammako, ya shiga Kano da hantsi. Maimakon ya juyo da azahar, sai ya zauna a tasha har rana ta yi sanyi, ya taso bayan magariba. Da tsaye-tsayen ƙara ruwa, ba ya shigowa gida sai wajen 11. Matarsa ce ta fara yi mini lissafin, wata rana ina yi wa 'yarta kitso: in ya ci abinci ya yi wanka, 12 ta yi. Barcin awa 3 ke nan. A tasha kuwa ba a barci, ana hira ne ana jiran layi.

Motar ta samu sauƙi, allurar zafi ta daina hawa sosai. Kuɗin gyaran da ya ƙi biya da naira, ya koma biya da barcinsa, kuma a gidan babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin biya.

Bari in ɗan yi bayanin abin da ke faruwa a ƙarƙashin bonet, don na lura mu mata da yawa muna shiga mota, wasunmu ma suna tuƙawa, ba tare da an taɓa nuna mana ba. Inji wuta yake ci, don haka dole a riƙa kwashe masa zafi. Famfon ruwa na tura ruwa ya zagaya cikin inji, ya ɗebo zafin, ya kai lagireto, iska da fanka su fifita shi, ya koma. Injin mota mai lafiya yana aiki ne a wajen digiri 90 zuwa 105. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, to me ya hana na mota tafasa? Murfi. Murfin nan yana riƙe matsi, kuma ruwan da aka matse yakan kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. A wasu motoci murfin yana kan lagireton, a irin su Golf yana kan 'yar robar da ke gefe. Da zarar an samu huji a tiyo ko a lagireto, ko robar murfin ta mutu, matsin ya tafi, ruwa ya riƙa tafasa da wuri yana ƙonewa.

Kuka da ɗanyen ƙwai da sabulu suna toshe hujin, amma suna toshe ƙananan hanyoyin lagireton ma. Ruwan rijiya da na leda suna barin tsatsa da dafi, shi ya sa aka yi ruwan sanyaya inji na musamman, mai launin kore ko ja. Ƙurar hunturu kuma tana cushe fuskar lagireto ta hana iska wucewa. In aka ci gaba da tuƙa mota tana zafi, gaskit ɗin kan inji ya ƙone, kan injin ma ya iya lanƙwasa. Alamarsa farin hayaƙi daga salansa, da baƙin mai da ya koma launin shayi mai madara. Daga nan maganar ta tashi daga tiyo da walda, ta koma sauke inji.

Wannan ruwan mai launi, iyaye mata, a yi hattara da shi. Yana da zaƙi-zaƙi, kuma guba ne mai lalata ƙoda. Kada a bari a juye ragowarsa a gorar lemo a ajiye a tsakar gida. Yaron da ya kurɓa, a garzaya da shi asibiti ko da yana wasa lafiya lau, domin illar ba ta fitowa nan take.

Mota dai tana da allura a gaban direba, tana hawa ja yana gani. Matsalar mutum ita ce abin da zai auna gajiyarsa da shi, wato ƙwaƙwalwa, shi ne abin da rashin barcin ke fara taɓawa. Wannan na sani a jikina, ba a littafi kawai ba. Akwai lokacin da na yi aikin kwana uku a jere, na rufe wa abokiyar aikina da ta haihu, da rana kuma yara da baƙi ba su bar ni na runtsa ba. A dare na uku, wajen ƙarfe 4, na zuƙo allura a sirinji, na duba kati, na nufi gado. Wata babbar nas da muke tare ta riƙe mini hannu ta ce, "Ƙanwata, sake duba sunan." Katin majinyaciyar gadon kusa na ɗauka. Na karanta sunan da idona, sau biyu ma, amma bai shiga ba. Da a ce minti ɗaya kafin nan an tambaye ni, da na rantse garau nake. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Masu bincike sun daɗe da auna wannan. A 1997 wasu masana biyu a Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun gwada mutanen da aka hana barci da waɗanda aka ba barasa. Suka gano wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hannunsa da idonsa suna aiki kamar na wanda barasa ta kai masa ma'aunin da ƙasashe da dama suka haramta tuƙi da shi. In ya cika awa 24, ya ninka. Ku yi lissafin da kanku. Wanda ya tashi 3 na dare, awa 17 ɗinsa ta cika 8 na dare, daidai lokacin da Yaya ke kan hanyar Kunya da mutum shida ko bakwai a mota. Bawan Allah da ko warin giya bai sani ba, yana tuƙi irin na mashayi.

A 2016 gidauniyar AAA mai nazarin haɗurran hanya a Amurka ta kwatanta direbobi da yawan barcin da suka samu. Wanda ya yi awa 4 zuwa 5, haɗarinsa ya ninka na mai awa 7 sau huɗu. Wanda bai kai awa 4 ba, ya haura sau 11. Mu ma'aikatan jinya ma an auna mu: binciken Ann Rogers na 2004 ya nuna aikin da ya kai awa 12 da rabi a jere yana ninka yiwuwar kuskure kusan sau uku.

Hausawa da suka kira barci ɓarawo sun san abin da suke faɗa. Ba ya sallama. Yakan ɗauke mutum na daƙiƙa uku ko huɗu, wani lokacin ido a buɗe, ya dawo da shi bai san ya tafi ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu, ta shafe fiye da tsawon filin ƙwallo babu kowa a sitiyari. A kan hanyarmu kuwa ga amalanken shanu marasa fitila, ga masu babur, ga yara 'yan talla a bakin gari. Kuma jiki yana da lokutan da ya fi neman barci, daga tsakar dare zuwa asuba, sai kuma bayan azahar. Sanyin asubar da ke yi wa lagireto daɗi, shi ne lokacin da direba ya fi rauni.

Abin da ya samu Yaya ba karo ba ne, Allah ya tsare. Wani dare suna dawowa, allura ta hau ja, ya gangara gefe ya kashe mota. Mutumin da ya shekara kusan 20 yana tuƙi, wanda shi ke hana yaran tasha taɓa murfi da zafi, ya fito ya ɗaga bonet, ya sa hannu ya murɗe. Ruwan da ke matse ya tashi gaba ɗaya. Ya ɗaye masa hannun dama daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ya fantsar masa a gefen wuya. Fasinjoji, da kyakkyawar niyya, wani ya shafa masa man goge baki, wani ya ɗebo baƙin mai ya ƙara. Jarka biyu na ruwa suna but, babu wanda ya tuna da su.

Da ni aka kira, da abin da zan ce ke nan: a kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a kan ƙunar har minti 20. A cire agogo da zobe kafin wurin ya kumbura. Kada a fasa ƙurajen, kada a fizge rigar da ta manne. A rufe da tsaftataccen ƙyalle a nufi asibiti, musamman in ƙunar ta taɓa fuska, hannu ko gaɓa, ko ta fi tafin hannun mai ita girma. Man goge baki, ƙwai, gishiri, baƙin mai, duk suna ƙara datti ne, kuma mu ne za mu kankare su daga baya mutum yana ihu. Motar da ta yi zafi kuwa, a kashe ta a ba ta aƙalla rabin awa. Sai tiyon sama ya huce a hannu sannan a ɗora tsumma mai kauri a murɗa murfin a hankali, fuska a gefe. Kada a antaya ruwan sanyi a inji mai zafi, yana iya tsagewa.

Ina wanke masa ciwon a kwana na uku ya ce da ni, murya ƙasa-ƙasa don kada Umma ta ji, "Auta, wallahi ban san lokacin da muka wuce Kanya Babba ba." Wannan maganar ta fi ƙunar tayar mini da hankali. Gari guda, da fitilunsa da masu shayinsa, ya ratsa shi da rayukan mutane a mota.

Na san abin da direbobi za su ce: akwai goro, akwai shayi, akwai lemon ƙara kuzari. Suna taimakawa, amma sai bayan minti 20 zuwa 30 suke fara aiki, kuma aron lokaci ne kawai. Sauke gilashi, ƙure rediyo, wanke fuska, duk na 'yan mintuna ne. Tiramol da wasu samari ke sha don su jure ba ya korar barci, shi kansa yana sa maye, yana kuma iya jawo jijjiga. Maganin mura irin su Piriton, da ake sha kamar gyaɗa lokacin hunturu, yana sa gyangyaɗi. Abin da na ga yana aiki shi ne a tsaya a wuri mai aminci, cikin gari, a sha shayin, a kwantar da kujera minti 15 zuwa 20. Hamma a kai a kai, nauyin ido, taya ta riƙa taka gefen kwalta, ko direba ya kasa tuna garin da ya wuce, duk allura ce ta hau ja. Mu fasinjoji ma da namu laifin. Direba ya ce zai tsaya, mu ne masu cewa sauri muke.

Matan gida kuma, ku ne kuka san ƙarfe nawa maigida ya shigo, ƙarfe nawa ya fita. 'Yan ƙungiya a tasha ba su sani ba, jami'an kiyaye haɗurra a kan hanya ba su da na'urar auna barci. Matar Yaya ta yi wata biyu tana wannan lissafin a zuciyarta, tana jin nauyin faɗa, don kada a ce ta raina nemansa. Da ta gaya wa Umma tun farko, kalma ɗaya ta Umma ta isa ta ajiye motar.

Gaskit ɗin ya ƙone a wannan daren. Motar ta yi mako uku a gareji, hannun ya yi wata guda kafin ya iya riƙe sitiyari, kuma sai da aka sayar da tunkiyar matarsa da 'ya'yanta biyu aka haɗa kuɗin. Lagireton da aka sa, na hannu ne daga Ƙofar Ruwa, wanda tun cikin hunturu bakanike ya gaya masa farashinsa. Yanzu sawu ɗaya yake yi, ya fita bayan sallar asuba ya dawo kafin magariba. Yana ƙorafin kuɗin ya ragu, kuma gaskiya ne, ya ragu.

Ni ma na sauya abu ɗaya. In na sauka daga aikin kwana ba na hawa hanya nan take. Ina shimfiɗa ɗankwali a kan benci a ɗakin canza kaya, in saita waya minti 20. Abokan aikina suna tsokanata wai na tsufa. Jarkokin nan biyu kuwa suna tsakar gidan Umma, da su yara ke ɗebo ruwa a famfon unguwa.