Lambobi Uku Masu Kama Da Juna

Manomin auduga ko masara a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, idan ya je a cika masa fom na neman taki ko rance ta intanet, yakan tarar da gurabe uku suna jiransa: lambar shaidar ɗan ƙasa ta Hukumar NIMC, da lambar banki ta BVN wadda aka ɓullo da ita a 2014, da kuma lambar waya. To, kowace ɗaya alƙaluma 11 gare ta. Saboda haka in akawu ya sa wannan a gurbin waccan, sau da yawa fom ba ya gardama, tun da adadi ya cika.

Lambar waya kuwa da sifiri take farawa, kuma idan aka juye ta cikin Excel a matsayin adadi, sai sifirin ya ɓace. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a shirin taki na 2012 ta saƙon waya ake sanar da manomi rabonsa. Wanda lambarsa ta gurgunce, sai dai ya ji labari a kasuwa.

Ƙasar Brazil ma lambar shaidarta ta CPF alƙaluma 11 ce, amma uku-uku ake rubuta ta, da ɗigo a tsakani, sannan karan-ɗori da biyun ƙarshe. Waɗannan biyun daga taran farko ake lissafo su, don haka nan take fom ke kama kuskure. A nan gida, ko ba komai, ya kamata gurbin waya ya ƙi duk lambar da ba ta fara da 07, 08 ko 09 ba.