Maganin Sanƙo da Ke Iya Ɓoye Sankara

A shekarar 1974 wata likita Ba'amurkiya, Julianne Imperato-McGinley, ta wallafa rahoto kan wasu yara a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika. Ana haihuwarsu da siffar mata, ana renonsu a matsayin mata, sai lokacin balaga su bayyana maza. Ta gano cewa jikinsu ba ya iya sarrafa sinadarin maza na testosterone zuwa wani mai ƙarfi da ake kira DHT. Abubuwa biyu suka ja hankalin masu haɗa magunguna: mazan nan ba sa sanƙo, kuma firostet ɗinsu ba ta girma. Daga nan kamfanin Merck ya samar da finasteride. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1992 da sunan Proscar, miligiram 5, don kumburin firostet, sannan a 1997 da sunan Propecia, miligiram 1, don zubewar gashin maza. Ra'ayina shi ne maganin nan na ƙwarai ne, amma ko don gashi ko don fitsari bai kamata a sha shi ba sai da takardar likita da gwajin jini.

Firostet wani nama ne mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya kewaye bututun fitsari. Yayin da shekaru ke ja, DHT kan sa shi girma har ya matse bututun, kuma kusan rabin mazan da suka kai sittin suna da wannan kumburi. Alamunsa sanannu ne a gidajenmu ko da ba a faɗa. Dattijo ya tashi sau huɗu cikin dare da buta a hannu, ya tsuguna ya jira fitsarin ya zo, ya zo siriri yana yankewa, ya yi tsarki ya ɗaura alwala, kafin ya kai masallaci ya ji ɗigo a wando ya koma. Finasteride na rage DHT a jini da kusan kashi 70 cikin 100, firostet ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Bincike ya nuna yana rage haɗarin toshewar fitsari da buƙatar tiyata da kusan rabi. Sai dai ba ya gaggawa, yakan ɗauki wata shida kafin a ji sauƙi. Shi ya sa likita kan fara da tamsulosin, mai sassauta bututun cikin kwanaki, ko ya haɗa su biyun idan kumburin ya yi yawa. A ka kuwa, DHT ɗin ne ke ƙanƙantar da saiwar gashi daga goshi da tsakiyar kai, maganin kuma na tsayar da zubewar ga yawancin masu sha muddin suna sha. Wanda ya daina, cikin shekara guda zai koma gidan jiya.

Babban dalilina na cewa sai da likita yana cikin wani gwajin jini da ake kira PSA, wanda likita ke dubawa idan yana zargin sankarar firostet. Finasteride na rage sakamakon gwajin da kusan rabi bayan watanni shida zuwa shekara, kuma ƙaramar ƙwayar ta gashi ma tana yin kusan haka. Likitan da ya san kana sha zai ninka adadin sau biyu kafin ya yanke hukunci. Wanda bai sani ba zai ga lamba mai kyau ya sallame ka, alhali ciwon yana nan yana cin ƙasa. A Najeriya sankarar firostet ce kan gaba cikin sankarorin maza, kuma galibi ba a zuwa asibiti sai ta riga ta kai ƙashi. Ga shi alamun fitsarin sukan yi kama a kumburi da sankara da ciwon sukari da ƙanƙancewar bututu bayan ciwon sanyi. Mutumin da ya kwatanta wa mai kemis matsalarsa aka ƙirgo masa ƙwayoyi a leda, ya sha magani ne ba a san ciwonsa ba.

Matashi mai neman gashi zai ce shi bai kai shekarun firostet ba, kuma miligiram ɗaya ba komai ba ne. Gaskiya ne yawancin masu sha ba sa ganin wata illa. Amma wasu kaɗan cikin ɗari suna samun raguwar sha'awa ko raunin gaba, kuma tun 2012 takardar maganin a Amurka ta ambaci waɗanda matsalar ta ci gaba da damunsu bayan sun daina. A 2025 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar da tunanin kashe kai cikin illolin da kan iya biyo bayansa. Dattijon da ake shirin sa wa robar fitsari yana da abin da zai ɗora a ɗaya gefen ma'auni. Saurayi mai ƙoshin lafiya da ke shirin aure, wanda wataƙila zai shekara talatin yana haɗiyar ƙwayar, lissafinsa daban ne. Ba na raina damuwarsa, sanƙo da wuri yana taɓa zuciya. Haƙƙinsa ne dai a zaunar da shi a faɗa masa duka, a tambaye shi ko ya taɓa fama da ciwon damuwa, a nuna masa cewa akwai minoxidil na shafawa. A kuma gaya masa kada mace mai ciki ta taɓa ƙwayar da ta fashe ko aka daka, domin tana iya lahanta halittar al'aurar ɗan tayi namiji. Wannan gargaɗin ya fi shafar masu sayen ta miligiram 5 suna yanka ta gida huɗu don arha.

Uzuri mafi nauyi shi ne na talaka: asibiti da nisa, layi da tsawo, likitocin mafitsara kuma 'yan kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane. Wannan ba ƙarya ba ne. Amma ba sai ƙwararre ba, likitan babban asibiti ma yana iya duba firostet da yatsa cikin minti biyu, ya rubuta gwajin jini da na fitsari. Kunyar wannan dubawar ma tana hana da yawa zuwa. Ga wanda ya riga ya fara shan finasteride, ko ɗan'uwansa dutasteride, da kansa, ya ɗauki kwalin ya kai wa likita, ya faɗa masa tun yaushe yake sha kafin a ɗebi jininsa.