Me Ya Sa Waya Ke Maƙalewa Idan Ana Jan Allo? Sau Da Yawa Laifin Manhaja Ne

Daga Kanya Babba zuwa Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa, wayoyi irin su Tecno, Itel da Infinix sun cika hannun matasa, kuma da yawansu masu ƙaramin RAM ne. Ƙorafin masu su kusan iri ɗaya ne: mutum na jan allo yana duba jerin saƙonni ko kayan sayarwa, sai allon ya riƙa tsalle, ko ya daskare. Wasu su zargi netwok, wasu su ce wayar ta tsufa, har su ci bashi su sayi sabuwa. Amma sau da yawa matsalar tana cikin yadda aka gina manhajar ne.

Milisakan 16 kacal

Allon waya mai saurin 60Hz yana sabunta abin da ke kansa sau 60 a kowace daƙiƙa. Ke nan manhaja na da kimanin milisakan 16 ta shirya kowane zane. Idan ta makara, sai tsohon zanen ya ci gaba da zama a allo, ido kuma ya ga tsalle. A allo mai 90Hz lokacin ya ragu zuwa milisakan 11, a mai 120Hz kuwa kusan 8. Duk aikin gyaran jeri yana komawa ne ga cika wannan wa'adi.

Dabarar mai shayi

A ɗauka ɗan kasuwa yana da manhajar da ke ɗauke da sunayen kaya 2,000. Allonsa ba ya nuna fiye da layi goma a lokaci guda. Manhajar da ta gina dukkan layukan tun farko ta cinye RAM a banza.

Mai shayi ba ya sayen kofi ɗari don zai sallami mutum ɗari. Kofi goma sun ishe shi: wanda ya sha ya ajiye, a wanke, a zuba wa na gaba. Haka RecyclerView, wanda Google ya fitar a 2014, yake aiki a Android. Layin da ya fice ta saman allo ba a jefar da shi, sai a sauya rubutu da hoton da ke cikinsa a dawo da shi ta ƙasa. Masu gini da Flutter suna da ListView.builder, masu Jetpack Compose suna da LazyColumn, duka suna gina layukan da ake buƙata ne kawai. A React Native akwai FlatList, da kuma FlashList da kamfanin Shopify ya fitar a 2022.

Hoto ne babban kaya

Hoton kyamara mai faɗin fiksel 4,000 da tsawon 3,000 yana iya zama 3MB a ajiye, amma idan aka buɗe shi cikin RAM yana cin kusan 48MB, domin kowane fiksel na ɗaukar bayit huɗu. Irinsa goma a jeri ɗaya sun kusa rabin gigabayit, alhali wurin nuna kowanne bai fi kan yatsa ba. Maganin shi ne a rage girman hoto kafin a nuna shi, a kuma adana wanda aka riga aka sauke. Kayan aiki irin su Glide da Coil wannan ne aikinsu, kuma kyauta ne.

Raba aiki

A Android, layin aiki guda ne ke kula da zanen allo da amsa taɓawar yatsa. Idan aka ɗora masa ɗauko bayanai daga intanet ko lissafi mai nauyi, allo zai tsaya jira. Idan jiran ya kai daƙiƙa biyar, waya kan fito da saƙon cewa manhajar ba ta amsawa. Don haka aiki mai nauyi a bayan fage ake yinsa. Jerin ma a riƙa saukewa kaɗan-kaɗan, misali layi 20 a kowane karo. Wannan yana rage cin data, kuma yana taimakawa a inda netwok ke zuwa yana ɗaukewa.

A gwada a wayar da jama'a ke riƙewa

Ɗaliban da ke koyon gina manhaja a Hussaini Adamu Federal Polytechnic da ke Kazaure, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, suna da gatan da maginin birni ke rasawa: ƙananan wayoyin gwaji suna nan a gida. Manhajar da ke sulɓi a waya mai tsada tana iya rarrafe a Itel.

Kowa ma zai iya dubawa da kansa. A shiga saitin waya, a taɓa Build number sau bakwai, a buɗe Developer options, a kunna Profile HWUI rendering. Sanduna za su bayyana a allo, kuma duk wadda ta haura koren layi zane ne da ya makara.

Idan manhaja ɗaya ce kaɗai ke tsalle, sauran suna tafiya lafiya, to ba wayar ce ke buƙatar canji ba. A sabunta manhajar, a nemi nau'inta mara nauyi irin Facebook Lite, ko a kai ƙorafi ga masu ita a Play Store kafin a taɓa aljihu.