Tsara Manhajar Waya Domin Haɗa Mawaƙa da Abokan Aiki: Abin Lura Daga Ƙasar Mada

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin duba yadda ya kamata a tsara manhajar waya wadda za ta taimaki mai fasaha ya sami abokin aiki. Mun taƙaita bayaninmu a kan mawaƙan baka, kuma mun ɗauki garin Mada da ke Ƙaramar Hukumar Gusau, tare da maƙwabtansa na Tsafe da Bunguɗu, a matsayin ma'auni. Ra'ayinmu shi ne, duk manhajar da ba ta fara fahimtar yadda ƙungiyar kiɗa take haɗuwa ba, to sunaye kawai za ta tara, ba za ta haifar da waƙa ba.

2.0 Yadda Ƙungiyar Kiɗa Take Haɗuwa

Kamar yadda aka sani, waƙar baka ba aikin mutum ɗaya ba ce. Akwai jagora mai ƙulla waƙa, da 'yan amshi, da masu kaɗa kotso ko taushi ko kalangu, da kuma sanƙira mai yi wa waƙar zuga. Ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun nuna cewa ɗan amshi ba gindin waƙa kaɗai yake maimaitawa ba, yakan yi wa jagora ƙari, har ya cika masa layin da ya faro. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai tsakanin mutanen da suka daɗe da sanin numfashin juna.

Alal misali, Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya gaji kiɗa ne daga mahaifinsa, ya kuma yi wa yayansa Abdu Kurna amshi kafin ya kafa tasa ƙungiyar. Ashe ke nan gado da zaman gida ɗaya su ne suke samar da abokin aiki, sai kuma ranar kasuwa da wuraren biki da hawan salla, inda makaɗi yakan ji muryar yaro ya neme shi wurin iyayensa. Abubuwa biyu suke aiki a nan: kunne da shaida. Ana jin mutum tukuna, sannan a tambayi ɗan wa ne shi.

Waɗannan hanyoyi sun yi rauni a yau. Matsalar tsaro ta tarwatsa ƙauyuka da yawa a Jihar Zamfara, har a 2021 aka dakatar da kasuwannin mako-mako na wani lokaci. Matashin da yake da murya a Mada zai iya zuwa situdiyo a Gusau a buga masa fiyano, amma samun ɗan kotso ko 'yan amshi uku da muryoyinsu suka dace ya zama aiki.

3.0 Abin da Manhajar Take Bukata

Tun da kunne shi ne alƙali, sai a ɗora manhajar a kan murya, ba rubutu ba. Mai shiga ya naɗi ɗan guntun kiɗansa ko amshinsa, mai nema kuwa ya saurara. Yawancin manhajojin ƙasashen waje sukan buƙaci mutum ya rubuta tarihinsa ya liƙa hoto, alhali da dama daga cikin gwanayen makaɗanmu ba su yi boko ba, ko da yake sun iya tura saƙon murya a WhatsApp. Haka kuma bai wadatar a rubuta "mawaƙi" kurum ba. Dole a bambanta jagora da ɗan amshi, a bambanta kiɗan fada da na noma da na maza, a kuma lura da karin harshe, domin ɗan amshi Bakano zai sha wuya kafin bakinsa ya faɗa da Zamfarci.

Shaida ta fi wuyar tsarawa. Mu a ganinmu, tauraro biyar da baƙo zai danna ba shi da wani nauyi a wannan sana'a. Gara a bar wani sanannen makaɗi, ko sarkin kiɗan gari, ya tsaya wa sabon shiga da muryarsa. Mata masu amada da kiɗan ƙwarya kuwa a ba su ikon zaɓen wanda zai iya tuntuɓarsu. Kada kuma manhajar ta nuna ainihin wurin da mutum yake. A ƙasar da ake satar mutane, sunan ƙaramar hukuma ya isa.

Sai batun layin sadarwa. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a faɗin Zamfara, aka yi makonni babu kira balle intanet. Saboda haka ya kamata manhajar ta riƙa ajiye muryoyi a cikin wayar, ta aika da su idan hanya ta buɗe, ta kuma yi aiki a ƙaramar waya da gajeren saƙo.

Saura rabon abin da aka samu. A da jagora ne yake kasa kyautar da aka yi wa ƙungiya gwargwadon matsayin kowa, kuma a gaban kowa. Yanzu da waƙa take kawo kuɗi daga YouTube shekaru bayan an rera ta, ga kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, muna ba da shawarar kafin a shiga situdiyo manhajar ta naɗi yarjejeniyar rabon da muryoyin masu aikin, a gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.